Karatu Da Ƙwallo: Wace Makaranta Ta Dace Da Ɗan Wasa Daga Funtuwa Da Malumfashi?

Da zarar an idar da sallar la'asar a garin Funtuwa, musamman tun daga watan Nuwamba lokacin da aka gama karyar masara aka shiga cirar auduga, filayen makarantu sukan cika da samari masu buga ƙwallon ƙafa, waɗansu da takalman wasa, waɗansu kuwa ƙafa ba takalmi. Haka abin yake a Malumfashi da Bakori da Ƙafur da Ɗanja. A kowane fili ba a rasa yaro ɗaya ko biyu waɗanda 'yan kallo suka sa wa ido, ana cewa in da rai da lafiya wata rana za a ji sunansu a rediyo.

Ba a daɗewa bayan haka, wajen ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu, sai hukumar JAMB ta buɗe rajistar jarrabawar shiga manyan makarantu. A nan ne irin wannan yaro, idan yana ajin ƙarshe na sakandare, yakan haɗu da tambayar da ba kasafai yake samun mai taya shi amsa ta ba: wace makaranta zai rubuta a zaɓinsa na farko, wadda zai yi karatu a cikinta ya fito da takardar kirki ba tare da ya jingine ƙwallo ba? Mahaifinsa, wanda da kuɗin masara ko na auduga zai biya makarantar, yakan ɗauki ƙwallo shiririta. Mai horar da shi a unguwa kuma yakan ce masa shekarun wasa ba sa jiran kowa. Kowannensu yana da tasa gaskiyar. Yaron ne a tsakiya, kuma galibi a cibiyar rajista, yana zaune gaban ma'aikacin kwamfuta ana gaggauta shi saboda layi, yake yanke shawarar da za ta bi shi shekara huɗu ko biyar.

INDA MAKARANTA ITA CE ƘOFAR WASA

A ƙasar Amurka wannan tambaya tana da tsari har da ma'aikatan da ke cin abinci da ita. Wasan da ya fi nuna haka shi ne besbol, watau wanda ɗan wasa yake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki sa'an nan ya sheƙa da gudu ya zagaya kusurwa huɗu. Wasan bai yi tushe a Arewa ba, ko da yake an buga shi a Abuja lokacin Wasannin Ƙasashen Afirka na shekarar 2003, amma yadda ake tafiyar da shi a jami'o'in Amurka abin dubawa ne ga duk mai sha'awar haɗa karatu da wasa.

Ƙungiyar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'in ƙasar, ta kasa makarantu rukuni uku. A rukunin farko akwai jami'o'i wajen 300 masu ƙungiyar besbol ta maza, kuma kowace ƙungiya tana iya buga wasa har 56 daga Fabrairu zuwa Mayu, kafin a je wasan ƙarshe da ake yi a birnin Omaha tun shekarar 1950. Yaro ba ya shiga wannan rukuni sai ya ci darussa 16 da aka ƙayyade a sakandare, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4, kuma in ya shiga dole ya ci gaba da cin jarrabawa ko a zaunar da shi a benci. Dokar ƙungiyar ta ce kada horo da wasa su wuce awa 20 a mako lokacin kakar wasa, sai dai ba a lissafa awannin tafiya a ciki, su kuwa su ne suka fi cinye lokacin lacca.

Ga batun kuɗi kuma, shekaru da yawa ana raba sukolashif 11.7 ne kacal tsakanin 'yan wasan ƙungiya guda, watau yawancinsu kashi kaɗan suke samu, iyaye su cika sauran. A shekarar 2025 ne aka sauya wannan tsari, aka koma ƙayyade yawan 'yan wasa zuwa 34 a jami'o'in da suka amince. Rukuni na uku ba ya ba da sukolashif na wasa ko kaɗan, amma ya fi barin ɗalibi ya yi karatunsa. Saboda haka uba da ɗa a can sukan zauna su auna: babbar makaranta inda watakila yaron zai shekara biyu bai taɓa ƙwallo a gasa ba, ko ƙarama inda zai yi wasa kuma ya sami zuwa aji. Manyan kulob-kulob kuma ba sa ɗaukar ɗan jami'a mai karatun shekara huɗu sai ya gama shekara ta uku ko ya cika shekara 21, don haka makarantar ce hanyar da mafi yawansu suke bi.

A ƙasar nan ba haka abin yake ba, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata ɗan Funtuwa ya gane. Hanyar makaranta daban, hanyar kulob daban. Katsina United da Kano Pillars ba sa jiran jami'a ta yaye musu 'yan wasa. Daga ƙungiyoyin unguwa da ƙananan kulob da makarantun horon ƙwallo suke tsinto su. Ahmed Musa bai cika shekara 18 ba lokacin da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010. Wanda ya shiga jami'a yana tsammanin daga filinta za a ɗauke shi zuwa rukunin farko, ya kamata ya sani cewa ba ta nan aka saba ɗauka ba.

AN TAƁA HAƊA SU

Duk da haka ba a ce taura biyu ba ta taɓa taunuwa ba. A ranar 22 ga Maris 1980, lokacin da Nijeriya ta doke Aljeriya da ci uku ba ko ɗaya a Legas ta ɗauki Kofin Afirka karo na farko, wanda ya ci biyu daga ciki, Segun Odegbami, injiniya ne da ya yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ibadan. Abokin wasansa Adokiye Amiesimaka ya karanta shari'a a Jami'ar Legas, daga baya har ya zama Babban Lauyan Gwamnatin Jihar Ribas. Abin lura a nan shi ne dukansu biyu a garuruwan da ke da manyan kulob suka yi karatu, ta yadda mutum zai fito lacca ya wuce filin horo a rana guda.

Misalin da ya fi kusa da mutanen kudancin Katsina yana Zariya. A can Masai Ujiri ya tashi, a can kuma ya koyi ƙwallon kwando a hannun Oliver Johnson, Ba'amurken nan da ya daɗe yana horar da matasa a garin. Daga Zariya ya tafi Amurka, ya yi wasa shekara biyu a wata ƙaramar kwaleji a Bismarck ta Jihar Dakota ta Arewa, ya wuce Turai ya yi wasa a kulob-kulob marasa suna. Bai taɓa buga gasar NBA ba. Amma ya zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors, a ƙarƙashinsa ta ci kofin gasar a 2019, kuma ya riƙe ta har 2025. Samari sukan ji labarinsa su tsaya a kan kofin, alhali abin da ya ɗaukaka shi aikin ofis ne da iya sarrafa mutane da kuɗi, waɗanda ba ƙarfin ƙafa ke ba da su ba.

MAKARANTUN DA KE KUSA

Ga yaron Funtuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ce mafi kusa cikin manyan jami'o'i, gama tsakanin Funtuwa da Zariya bai kai kilomita 100 ba, alhali zuwa birnin Katsina ya kusa 200. Tun 1962 aka kafa ta, tana da filayen wasanni iri-iri a Samaru, tana da sashen koyar da ilmin motsa jiki da kiwon lafiya, tana kuma da tsohon suna a wasannin jami'o'i. Wahalarta ita ce shiga. Masu nemanta daga jihohin Arewa duka suke fitowa, kuma iya ƙwallo ba ya maye gurbin kiredit biyar da suka haɗa da Ingilishi, ko makin JAMB da sashe ya yanka. Ko an shiga, a jami'a mai dubban ɗalibai samun wuri cikin 'yan wasa goma sha ɗaya wata jarrabawa ce ta daban. Yaron da ake yi wa tafi a Bakori zai tarar da irinsa ashirin.

Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ta fi sauƙin zuwa ga mutumin Malumfashi ta hanyar Gwarzo. Ita ma tana da sashen motsa jiki. Babban abin da ta fi sauran da shi shi ne garin kansa: Kano cike take da ƙananan kulob da masu horarwa da masu neman 'yan wasa, ga Pillars wadda ta ci gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Ɗalibi zai iya yin rajista da ƙaramin kulob ya riƙa horo da yamma. Sai dai zaman Kano da tsada, kuma wanda bai sami ɗaki a makaranta ba kuɗin haya da na mota za su cinye abin da aka tanada don abinci, ɗan wasa kuwa ba ya wasa da yunwa.

A cikin jiha akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma wadda aka kafa a 2011. Ƙanana ne idan aka kwatanta da Zariya da Kano, amma ƙanƙantar tana da amfaninta: ɗan jiha ya fi samun gurbi, kuma mai hazaƙa ya fi saurin shiga ƙungiyar makaranta tun shekarar farko. Katsina tana da filin wasa na Muhammadu Dikko da kulob ɗin jiha, wanda ya koma rukunin farko a 2023, saboda haka akwai idon da zai ga mutum. Dutsin-ma ba ta da wannan, ga kuma batun tsaro wanda iyaye ba sa mantawa da shi, musamman tun sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba 2020 da kuma sace waɗansu ɗaliban jami'ar Dutsin-ma a 2023. Ɗan wasa matafiyi ne, kuma hanyar da zai riƙa bi da lokacin da zai bi ta suna cikin lissafi.

Akwai kuma makarantun da samari suke rainawa ba bisa dalili ba, watau Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Katsina, da Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita a Dutsin-ma. Difloma shekara biyu ce, takardar NCE shekara uku, kuma kowace tana buɗe ƙofar shiga jami'a kai tsaye a aji biyu daga baya. Waɗannan makarantu suna da nasu wasannin na ƙasa, NIPOGA da NICEGA. Ga wanda yake son ya gwada sa'arsa a kulob yana ɗan shekara 20, gara ya fita da difloma a hannu da ya bar digiri a tsakiya ya fita ba kome.

FANNI YA FI SUNAN MAKARANTA

Abin da ba a cika faɗa wa yara ba shi ne, fannin da mutum ya zaɓa ya fi sunan makarantar tasiri a kan wasansa. Mai karatun likita ko injiniya ko haɗa magunguna yana ɗakin gwaje-gwaje daga bayan azahar har la'asar sakaliya, daidai lokacin da ake horo. Mai karatun aikin gona, wanda shi ne ya fi dacewa da 'ya'yan wannan yanki, shekara biyar zai yi, kuma shekara guda daga ciki a gona za ta ƙare. Mai karatun malanta zai tafi koyarwar gwaji na makonni, watakila a ƙauyen da ba fili. Yawancin jami'o'i kuma ba sa barin ɗalibi ya zauna jarrabawa sai ya halarci kashi 75 cikin ɗari na laccoci, kuma takardar neman uzuri daga ofishin wasanni ba kowane malami take tanƙwarawa ba.

To, ba wai ana cewa kowane ɗan ƙwallo ya tafi sashen motsa jiki ba ne. Wannan ma kuskure ne da ya zama ruwan dare, har ana ɗaukar sashen mafakar waɗanda suka rasa gurbi, alhali ana karanta sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki a cikinsa, kuma wanda ba ya jituwa da nazarin halittu zai sha wuya. Amma ga wanda ya tabbata a harkar wasa zai ƙare rayuwarsa, ko malami ko mai horarwa ko alƙalin wasa ko jami'in hukumar wasanni, sashen hanya ce miƙaƙƙiya, kuma daga nan yana iya ƙarawa da kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas, wadda aka kafa a 1974. Wanda kuwa zuciyarsa take kan injiniya, ya karanta injiniyan, ya yarda tun farko cewa ƙwallonsa ba zai wuce na sashe da na makaranta ba. Ba abin kunya ba ne. Abin da ke kashe ɗalibi shi ne ya ƙi yarda da haka sai bayan makinsa ya faɗi an ba shi gargaɗin kora.

Sa'an nan ya kamata a san yawan wasan da jami'a take iya bai wa mutum. An fara wasannin jami'o'in Nijeriya, watau NUGA, a Ibadan a 1966, da nufin a riƙa yi duk shekara biyu. Amma bayan wanda aka yi a Makurɗi a 2017 ba a sake yi ba sai 2022 a Jami'ar Legas. Ke nan akwai ɗaliban da suka shiga jami'a suka fita ba su ga NUGA ko sau ɗaya ba. A 2018 an ƙirƙiro gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu mai suna HiFL, wadda Zariya da Bayero suka shiga, amma wasanninta kaɗan ne a shekara. Yajin aikin malaman jami'a shi ma yana da nasa rabon: wata tara a 2020, wata takwas a 2022. Ga ɗalibi na kullum wannan ɓata lokaci ne. Ga ɗan wasa kuwa shekarun ƙarfinsa ne suke zubewa, domin ko gasar jami'o'i ta duniya ba ta karɓar wanda ya haura shekara 25.

IDAN KULOB YA YI KIRA

Akwai yaro ɗaya cikin masu yawa wanda babban kulob zai nema da gaske. Wannan kam ba zai iya zaman aji ba, kada a yaudare shi. Kulob 20 ne a rukunin farko, kowanne yana buga wasa 38, rabinsu a waje, kuma tafiya daga Katsina zuwa Aba ko Fatakwal a mota tana cin kwanaki zuwa da dawowa. Abin da ya dace da shi shi ne ya nemi jami'a ta jingine masa karatu na shekara guda a rubuce, ta hannun shugaban sashe, maimakon ya ɓace kawai, gama wanda ya ɓace ba izini sunansa ake sokewa. Ko kuma ya yi rajista da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa ko sashen karatu daga nesa na Jami'ar Ahmadu Bello, inda ba a bukatar zaman aji kullum. Wilfred Ndidi yana bugawa Leicester wasa a Ingila ya shiga karatun kasuwanci a Jami'ar De Montfort a 2019, ba wanda ya ce ƙwallonsa ya ragu.

Inda ake asarar dukiya shi ne wajen dillalai masu alkawarin kai yaro Turai ko samo masa sukolashif a Amurka. A wannan yanki kuɗin irin wannan tafiya daga rumbu yake fitowa, wani lokaci har da jinginar da gona ko sayar da shanun huɗa. Abubuwa biyu sun isa su tona asirin maƙaryaci. Na farko, dokar FIFA ta hana a sayar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, in ban da 'yan dalilai ƙalilan waɗanda ba su shafi yaron da iyayensa ke Malumfashi ba. Na biyu, jami'ar Amurka ba ta sayar da sukolashif. Sakamakon WAEC take nema da shaidar wasa, kuma wanda ya riga ya sa hannu a kwantiragi yana karɓar albashin kulob yana iya rasa damar bugawa jami'a a can. Hanyar gaskiya tana nan, ita Tobi Amusan ta bi zuwa Jami'ar Texas ta El Paso a 2016 kafin ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022, amma ta fi buɗuwa ga 'yan guje-guje da 'yan ƙwallon kwando, kuma tun 2025 Amurka ta tsananta ba 'yan Nijeriya biza. Rage shekaru kuma, wanda waɗansu masu horarwa suke ba da shawara, yana haifar da takardu biyu masu karo da juna, na makaranta da na wasa, kuma tun 2009 ake amfani da na'urar hoton ƙashi wajen tantance 'yan ƙasa da shekara 17.

Zuwa da kai ya fi aike. Daga Funtuwa mutum zai iya zuwa Samaru da safe ya dawo kafin magariba, daga Malumfashi kuma haka zuwa Kano. Uban da zai biya kuɗi, ko yayan da ke aikin gwamnati wanda galibi shi ake ɗora wa nauyin, ya kamata ya ɗauki yaron su je a ranar karatu, su tsaya bakin fili da ƙarfe huɗu na yamma su ga ko ana horo da gaske, da koci ko ba koci. Su shiga ofishin wasanni su tambayi ranar da ake tantance sababbin 'yan wasa, ko ana ba 'yan ƙungiyar makaranta fifiko wajen rabon ɗaki, da kuma wanda ke biyan magani idan ƙafa ta karye ko gwiwa ta goce. Su nemi jadawalin laccocin aji ɗaya na sashen da yaron yake so su ɗora shi kan lokutan horo. Su kuma sami ɗan wasa ɗaya na aji uku ko huɗu su tambaye shi darussa nawa yake ɗauke da su daga baya, domin shi ne zai faɗi abin da ofis ba zai faɗa ba.

Akwai wani lissafi kuma wanda ya keɓanta da 'ya'yan manoma. Gida yana bukatar hannunsu a Yuni da Yuli lokacin shuka da noman farko, da kuma Oktoba zuwa Disamba lokacin kaka, kuma hutun da ɗan birni yake yi a sansanin horo shi a gona yake yinsa. Makarantar da ke kusa tana ba shi damar zuwa gida ranar Juma'a ya koma Lahadi, amma ƙarshen makon nan shi ne lokacin wasa. Gara a yi wannan magana da mahaifi tun kafin a cika takarda, a san makonnin da za a ɗauki ɗan ƙodago a madadinsa da kuma buhu nawa za a ware don haka kafin a kai sauran kasuwar Ɗandume. Wanda ya riga ya yi rajista kuma ya ga ya yi kuskure, hukumar JAMB takan ba da damar sauya makaranta ko fanni bayan fitowar sakamako, a cibiyoyinta, da ɗan kuɗi kaɗan, muddin makarantar da yake son komawa ba ta rufe tantance ɗalibanta ba.